Sunan da ke Ƙasan Hoto

Da tsohuwar makiyayiyar ta ga wani ma'aikaci daga Yamai ya zaro takarda, sai ta tura ƙwaryar maganin kaska bayan turmi. Irinsa sun zo ƙauyensu Sukukutane bara, suka tambayi yadda take haɗa shi, suka tafi.

"Inna, aiko ni aka yi in duba ko binciken kimiyya na ƙasarmu yana tafiya da mata makiyaya. Ga ki ma a bangon rahoton."

Ita ce kuwa a hoton, tsaye cikin shanunta.

"Karanta mini rubutun ƙasan."

Ya karanto sunan wani dokta, "wanda ya gano maganin." Ya soke abin da ya riga ya cike a takardarsa, ya durƙusa.

"Inna, mi ne sunanki?"

Ta daɗe tana kallon alƙalaminsa.

"Sunan nawa kuma, wa za ka kai ma?"