Gwajin Yaya a Kwamfutar Falo

"Ku zauna, yanzu za ta gama," in ji yayan matar gidan. Sabuwar manhajar kashe cutar kwamfuta ya samo, wadda ake kan gwajinta, ya ɗora musu a kwamfutar falo.

Maigidan ya rasa hanyar tashi. Yayan ya tare ƙofa da kujerarsa, matar kuma na gefen mijinta. Maigidan kaɗai ya san abin da ya ɓoye a cikin kwamfutar: manhajar da ke kwafe masa saƙonnin matarsa.

Kwamfutar ta yi ƙara. Yayan ya gyara tabarau.

"Manhajar leƙen asiri har biyu."

Matar ta zabura. "Biyu kuma, Yaya? Ni fa ɗaya na saka!"