Garin da Ya Fito Daga Ruwa

"Baba, matso ka ga garinku," in ji ma'aikaciyar laburare.

Tsohon ya yi tsaki. Garin da madatsar ruwa ta haɗiye tun yana saurayi?

Ta nuna masa wiki a kwamfuta, shafin da kowa ke ƙara abin da ya sani. Mutanen garin da suka watse daga Bogota har Madrid, kowa ya rubuta gidansu. Ga coci, ga makabarta.

Kusa da coci aka bar gurbi da tambaya: "Ina ɗan mai burodi, mai kunnuwa kamar faifai? Gidansu kaɗai ya rage."

Ya cire hula a hankali, kamar mai shiga coci, manyan kunnuwansa suka bayyana.

"'Yata, rubuta musu. Ƙofarmu shuɗiya ce."