Gashin Kaza a Kuncina

Ina da shekara bakwai, tun Turawa na mulki, fatar fuskata ta bushe har tana saɓa, wani farin tabo ya fito a kuncina. Wata rana bayan la'asar, a gidanmu na Kiru, kakata Iya ta ja ni bayan rumbu, riƙe da gashin kaza guda ɗaya.

Na san abin da ake yi da shi. Haka aka gwada maƙwabciyarmu, ba ta ji komai ba, aka ce kuturta ce, aka ware mata ƙwarya da tabarma.

"Rufe idonki," in ji Iya. "In kin ji na taɓa ki, ki faɗa."

Na rufe ido ina jira. Ban ji komai ba. Tsoro ya sa na ce, "Na ji, Iya."

Sai ta ce, "Ban taɓa ki ba tukuna, 'yar nan."

Kafin in buɗe ido, ta tsikari tabon da ƙayar aduwa. Na ƙwalla ƙara. Iya ta zauna daɓas tana hamdala, sannan ta lakato man kaɗanya ta yi ta murza min a fuska.

Ashe bushewa ce kawai. Amma har yau, ga ni da jikoki, ba na shafa mai sai na fara danna farce a wurin, in tabbatar ina ji.