Haƙorin Makka a Bakin Khalilu

Ruka ta tarar da Khalilu a zauren gidan mahaifinta, ya rufe baki da hannu.

"Buɗe in gani."

Ya sauke hannun a hankali. A giɓin da harbin saniya ya bar masa a garin Bobi, haƙorin Makka ne ke walƙiya.

"Likita ya nuna maka na roba, ya nuna maka na dasawa fari tas. Duk ka tsallake, sai na alhazai? To da Baba ya tambaye ka yaushe ka sauke farali, me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce bara. Kunya ce ta kama ni."

Ta ja tsaki. Mutumin da ko Minna bai taɓa wucewa ba! Jibi magabatansa za su zo neman aurenta, ga Baba yana ta "Alhaji Khalilu" a masallaci.

"Shiga ka gaya masa gaskiya."

"In ya hana ni ke fa?"

Idonta ya ciko. "Da giɓinka na ce ina so. Baba zai ba mai giɓi 'yarsa, amma ba zai ba maƙaryaci ba."

Ta kauce daga bakin ƙofa, ta ba shi hanya.