Kusan Kaka

Ranar da motar Babanmu ta mutu a kasuwar Utako, Kaka ba ta tsaya jiran makaniki ba. Ta naɗa gammo, ta ɗora buhun doya a ka, ta nuna hanyar Idu da leɓe. "Ga gida nan kusa."

Ledar tumatir kawai ta ba ni. Ina tafe ina tambaya, "Kaka, mun kusa?" har na zube bakin kwalta ina kuka. Ko buhun ba ta sauke ba, ta durƙusa ta goya ni.

A ƙofar gida Mama ta ce, "Sannu Inna, doyar nan da nauyi!"

"Doya ai baiwar Allah ce, ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ko mun kusa ba."

Har yau, in aka nuna mini hanya da leɓe, mota nake nema.