Kek Mai Hawa Uku

Onyedika ne ya buɗe wa budurwarsa Liya shafin intanet na shagon kek ɗinta da ke Sabon Gari, shi ya kuma koya mata duba shafukan da ke turo mutane nata. Yau da ya shigo, ko sannu ba ta yi masa ba. Juyo masa kwamfutar kawai ta yi.

Sabon shafi ne na gayyatar biki da ta gani cikin masu turo mata mutane. Ga shi cikin kwat, wata Chidinma ta jingina da kafaɗarsa. A ƙasa an rubuta cewa kek daga shagon Liya yake, har da adireshin shafinta.

"Da ƙanwarka ta zo ba da aikin kek ɗin, ce min ta yi bikin ƙawarta ne," in ji Liya.

Ya sunkuyar da kai. "Mama ce ta kafe sai 'yar garinmu. Na so in faɗa miki."

"Yaushe? Ranar da na kawo kek ɗin?"

Ta koma kan kwaɓinta.

"Je ka, zai iso a kan lokaci. Har sukarin na rage ban sani ba. Hannuna ya riga ya saba da yadda kake so."