Wuƙaƙen Baba Doka

"Kore!" Gwaggo ta ƙwala ihu, ta ɗaga katakon yankan nama sama kamar mai talla, sannan ta dangwarar da shi a kan tebur. Shekara tara tana wanke-wanke a kicin ɗin otal ɗin nan, shekara tara tana wannan ihun, kuma har gobe haushinsa take ji.

Kicin biyu ne, bango ɗaya ya raba su. A wancan ɓangaren har naman alade ake dafa wa baƙi, kayan aikinsu duk ja ne. Wannan kuwa na halal ne, komai kore: wuƙa, katako, bokiti, har soso. Ko ɗan yaye ya gani ya gane.

Amma shugaban ɓangaren, wanda ake kira Baba Doka a bayan idonsa, ya ce launi kaɗai bai isa ba. Duk wanda ya ɗauki abu sai ya faɗi launinsa kowa ya ji. Kowace wuƙa da ludayi ya sa an yi musu tsaga uku a ƙota. Ranar da mai suya ya aro ludayi daga can ya yi gum, Baba Doka shafa ƙotar kawai ya yi, ya sa aka kifar da miya tukunya guda. Gwaggo kan ce wannan ba tsafta ba ce, son girma ne. Mutumin da ko mota ba ya tuƙawa, in matarsa ta yi tafiya kuwa shigarsa kaɗai ta isa ta ba ka dariya, shi ne zai koya wa mutane aiki!

Sai ga ranar da jami'ar hukumar halal ta zo duba na shekara. Watan jiya ta ƙwace takardar shaidar wani otal, aka sallami ma'aikata talatin. Gwaggo, mai 'ya'ya huɗu a makaranta, tun safe take ta sake goge tukwane.

Jami'ar ta leƙa firji, ta shinshina soso. Can ta faki ido ta zura wata sabuwar jar wuƙa cikin kumfar bahon wanke-wanke. Baba Doka ya zo wucewa, ya tsoma hannu ko kallo bai yi ba, ya zaro ta.

"Wannan ba tamu ba ce. A zubar da ruwan, a sake wanke komai."

Jami'ar ta yi murmushi, ta ce ba ta taɓa ganin kicin mai tsari irin wannan ba. Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya, har ta ji ta yafe wa tsohon rabin laifinsa.

Saura sa hannu. Jami'ar ta buɗe wani ɗan akwati, ga wuƙaƙe biyu sababbi fil, ja da koriya, ƙotarsu sumul. Ta ce daga bana irin waɗannan za a riƙa amfani da su, don tsaga tana tara datti.

"Baba, ɗauki taku ka yanka naman nan in ɗauki hoto, sai in sa hannu."

Baba Doka ya tsaya ƙiƙam. Ya shafa wannan, ya shafa waccan. Jami'ar ta dubi agogo, ta rufe biro. Gwaggo ta ga abincinsu zai tafi a kan taurin kan mutum ɗaya, ta matsa kusa da shi tana cizon haƙora.

"Don girman Allah, Baba, ka ɗauka! Yau ba ranar gardama ba ce."

Ya sunkuyo daidai kunnenta, da wata 'yar murya da ba ta san yana da ita ba.

"Gwaggo, rufa mini asiri, wacce ce koriyar? Ni tun da aka haife ni iri ɗaya nake ganinsu."